BABI NA UKU: "A KORI ISIAH": TARIHIN TAKADDAMA TSAKANIN MAGOYA BAYAN NEW YORK KNICKS DA MASU HORAR DA 'YAN WASANTA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin wata doguwar takaddama da ta wakana tsakanin magoya bayan ƙungiyar ƙwallon kwando ta New York Knicks da ke ƙasar Amurka, da mutanen da aka riƙa ɗauka domin su horar da 'yan wasanta. Za a fi mayar da hankali a kan shekarun 2003 zuwa 2008, wato lokacin da ɓacin ran magoya baya ya kai matuƙa, har ihun "A kori Isiah" ya zama abin da ake ji kusan kowane dare a zauren wasa na Madison Square Garden. Abin da babin ke son ya gano shi ne, shin mutumin da 'yan kallo ke yi wa ihu shi ne ainihin mai laifin, ko kuwa shi ne kawai wanda idonsu ke iya gani?

3.1 Matsayin Koci a Wasan Ƙwallon Kwando

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a ɗan yi bayanin dalilin da ya sa koci ya fi fuskantar tsangwama a wannan wasa. A gasar NBA kowace ƙungiya takan buga wasa 82 a kaka guda. Mutum biyar ne ke cikin fili daga kowane ɓangare, kuma ana yin minti 48 ana fafatawa, an kasa shi gida huɗu. Idan aka ninka 48 sau biyar za a sami minti 240. Waɗannan mintoci su ne dukiyar da ke hannun koci, shi ke raba su ga 'yan wasansa yadda ya ga dama. Saɓanin ƙwallon ƙafa, a nan ba a ƙayyade yawan canji ba, ana iya fitar da ɗan wasa a kuma sake mayar da shi sau da yawa. Ke nan duk ɗan wasan da aka gani a zaune a benci, koci ne ya zaunar da shi, kuma duk wanda ke ɓarna a fili aka ƙyale shi, koci ne ya ƙyale shi. Ga shi kuma kocin yana tsaye ne a bakin fili, tazararsa da 'yan kallo na sahun gaba ba ta wuce taku biyu ko uku ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a riƙe, domin zai taso a gaba. A gasar NBA ba a mayar da ƙungiyar da ta yi ta ƙarshe zuwa ƙaramin rukuni. A maimakon haka, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ake bai wa damar fara zaɓe daga cikin sababbin matasan da ke shigowa gasar kowace shekara, bayan an jefa ƙuri'a a tsakaninsu. Wannan shi ne abin da ke sanyaya zuciyar mai goyon bayan ƙungiyar da ke faɗuwa, domin yakan ce wahalar bana ita ce za ta kawo gwanin baɗi. Amma kuma doka ta yarda ƙungiya ta yi musanyen wannan dama da wani ɗan wasa tun kafin lokacin zaɓen ya zo.

3.2 Abin da Magoya Baya Suka Saba Gani

An kafa New York Knicks a shekarar 1946 ta hannun Ned Irish, kuma ita ce ta buga wasan farko na gasar da daga baya ta zama NBA, ranar 1 ga Nuwamba 1946 a birnin Toronto na ƙasar Kanada, inda ta ci da maki 68 da 66. Ta ɗauki kofin gasar a shekarun 1970 da 1973, duka a ƙarƙashin koci Red Holzman, tare da 'yan wasa irin su Willis Reed da Walt Frazier da Dave DeBusschere da Bill Bradley. Salon wannan ƙungiya shi ne tsaron gida mai tsanani da miƙa ƙwallo ga duk wanda ya fi samun sarari, ba tare da son kai ba. A kan wannan ma'auni mutanen New York suka riƙa auna duk kocin da ya biyo baya. Har ma an rataya lamba 613 a rufin zauren wasan, wato yawan nasarorin da Holzman ya samu da ƙungiyar.

Bayan wasu shekaru na koma-baya, ƙungiyar ta sami Patrick Ewing a zaɓen 1985, sa'an nan ta ɗauki Pat Riley a matsayin koci a 1991. Riley ya dawo da tsaron gida mai ƙarfi, ya kuma kai ƙungiyar wasan ƙarshe a 1994, inda ta haɗu da Houston Rockets ta Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. A nan ne aka yanke wata shawara wadda magoya baya suka daɗe suna jayayya a kanta. A karawa ta shida John Starks ya ci maki 27, saura ƙiris ya ci wa ƙungiyar kofi, sai Olajuwon ya taɓe ƙwallon da ya jefa a daƙiƙar ƙarshe. A karawa ta bakwai kuwa, ranar 22 ga Yuni 1994, hannun Starks ya ƙi. Ya jefa ƙwallo sau 18, biyu kawai suka shiga, kuma daga cikin jifa 11 da ya yi daga nesa ko ɗaya bai faɗa kwando ba. Duk da haka Riley bai sauya shi da Rolando Blackman ba, tsohon hannu wanda ya yi suna wajen saiti, yana zaune a benci bai buga ko minti ɗaya ba a wannan dare. Houston ta ci da 90 da 84. Daga baya Riley da kansa ya amsa cewa ya yi nadamar rashin sa Blackman.

Abin lura a nan shi ne, irin wannan ɓacin rai na masu ƙoshi ne. Magoya baya suna ƙorafi a kan shawara guda a dare guda, a ƙungiyar da ta kai bakin kofi. Riley ya tafi Miami a 1995 bayan ya aiko da takardar ajiye aiki ta na'urar faks, abin da mutanen New York suka ɗauka raini ne. Don Nelson bai cika kaka guda ba aka sallame shi. Jeff Van Gundy, wanda ya gaje shi a watan Maris 1996, ya sake kai ƙungiyar wasan ƙarshe a 1999, inda San Antonio Spurs ta doke ta. A watan Satumba 2000 aka yi musanyen Ewing zuwa Seattle, a watan Disamba 2001 kuma Van Gundy ya ajiye aiki ba zato ba tsammani. Daga nan ne al'amura suka fara taɓarɓarewa.

3.3 Zuwan Isiah Thomas

A wannan lokaci ikon ƙungiyar yana hannun James Dolan, shugaban kamfanin da ya mallaki ƙungiyar da zauren wasanta. Bayan kaka biyu ba a taɓuka kome ba a ƙarƙashin koci Don Chaney, sai Dolan ya sallami babban jami'in ƙungiyar, Scott Layden, ya naɗa Isiah Thomas shugaban harkokin wasa ranar 22 ga Disamba 2003. Thomas ba baƙo ba ne ga masu kallon wasan. Shi ne ya jagoranci Detroit Pistons ta ci kofi a 1989 da 1990, kuma ana lissafa shi cikin gwanayen masu raba ƙwallo na kowane zamani. Sai dai tarihinsa bayan ya daina wasa bai yi armashi haka ba. Ya sayi ƙaramar gasar CBA a 1999, ta durƙushe a 2001. Ya horar da Indiana Pacers shekara uku, kowace shekara ana fitar da ita a zagayen farko na neman kofi, har aka sallame shi a 2003.

Cikin mako biyu da kama aiki ya kawo Stephon Marbury daga Phoenix. Marbury ɗan unguwar Coney Island ne ta New York, saboda haka aka karɓe shi da murna irin ta ɗa ya dawo gida. A watan Janairu 2004 aka sallami Chaney aka ɗauko Lenny Wilkens, wanda a lokacin ya fi kowane koci yawan nasarori a tarihin gasar. Ƙungiyar ta samu shiga zagayen neman kofi da nasara 39 da faɗuwa 43, amma New Jersey Nets ta yi mata ci huɗu a jere ta fitar da ita. Shekara guda bayan zuwansa Wilkens ya ajiye aiki, mataimakinsa Herb Williams ya ƙarasa kakar.

A wannan tsakani ne Thomas ya yi cinikayyar da ta ɗaure ƙungiyar shekaru masu yawa. A 2005 ya bai wa Jerome James kwantaragin shekara biyar a kan kimanin dala miliyan 30, bisa ƙoƙarin da ya yi a 'yan wasanni kaɗan a Seattle. A watan Oktoba na wannan shekara ya karɓo Eddy Curry daga Chicago Bulls, duk da cewa Chicago ta rabu da shi ne saboda shakku a kan lafiyar zuciyarsa. A cikin abin da aka biya har da damar zaɓe ta 2006 da kuma 'yancin musanya ta 2007. Da waɗannan damammaki ne aka zaɓi LaMarcus Aldridge a lamba ta biyu a 2006, da Joakim Noah a lamba ta tara a 2007, kuma dukansu biyu sun zama fitattun 'yan wasa. Ma'anar wannan ga mai goyon baya ita ce, an ƙwace masa ɗan abin da ke sanyaya zuciya da aka ambata a baya. Ƙungiyarsa za ta sha kashi, ladar shan kashin kuma ta tafi Chicago.

Adalci ne a faɗa cewa Thomas yana da ido wajen zaɓen matasa. Shi ya zaɓo Trevor Ariza a 2004, da David Lee a lamba ta 30 a 2005. Matsalar ita ce abin da ake yi da matasan bayan an same su.

3.4 Shekarar Larry Brown

A watan Yuli 2005 aka ɗauki Larry Brown a kan kwantaragin shekara biyar na kimanin dala miliyan 50. Brown haifaffen Brooklyn ne, kuma shekara guda kafin nan ya ci kofi da Detroit da irin salon da mutanen New York ke ƙauna, wato tsaron gida da haɗin kai. Ba a taɓa yin kocin da aka ɗora wa fata kamarsa ba tun bayan Riley. Abin da ya biyo baya kuwa shi ne nasara 23 da faɗuwa 59.

Idan ana neman misalin shawarwarin koci da suka harzuƙa magoya baya, to a wannan kaka aka fi samun su. Brown ya fara wasa da jerin mutum biyar daban-daban har sau 42 a cikin wasa 82, abin da ba a taɓa gani ba a gasar kafin lokacin. Wato ɗan wasa zai iya fara wasa ranar Talata, ranar Laraba kuma ya kwana a benci ba tare da ya san dalili ba. An kuma san Brown da al'adar fara wasa da ɗan wasa idan ƙungiyar ta je garinsu, domin danginsa su gan shi. Wannan karamci ne, amma mai goyon bayan da ya sayi tikiti da tsada yana ganin ba wurin yin sa ke nan ba. Haka kuma matasa uku da suka shigo a wannan shekara, Channing Frye da David Lee da Nate Robinson, su ne 'yan kallo suka fi so, domin su ke gudu da zuciya ɗaya, amma mintocinsu suka riƙa hawa da sauka babu tsari. Ariza kuwa, bayan Brown ya soke shi a gaban 'yan jarida, sai aka haɗa shi cikin musanyen da ya kawo Steve Francis daga Orlando a watan Fabrairu 2006. Shekara uku bayan haka Ariza ya ci kofi da Los Angeles Lakers.

Zuwan Francis ya ƙara dagula lissafi, domin shi da Marbury irin wasansu ɗaya ne, kowa yana son ƙwallo ta zauna a hannunsa. Ga kuma Jamal Crawford da Jalen Rose da Robinson, duk masu son jifa. An tara zakaru da yawa a akurki ɗaya. Brown da Marbury suka shiga musayar baƙaƙen maganganu a shafukan jaridu, kocin na cewa ɗan wasan ba ya bin tsari, ɗan wasan na cewa an ɗaure masa hannu. Duk wannan yana faruwa ne a ƙungiyar da ta fi kowace yawan albashi a gasar, fiye da ninki biyu na iyakar dala miliyan 49.5 da aka ƙayyade a wannan kaka.

A nan ne ra'ayin magoya baya ya rabu gida biyu. Wasu suna ganin Brown ya rikita ƙungiyar da gangan ne domin ya nuna cewa kayan da aka ba shi ba su da kyau. Wasu kuma suna ganin ba kocin da zai iya ɗinka riga da irin waɗannan ƙyallaye. Idan aka dubi al'amarin da kyau za a ga kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Sauya jeri sau 42 ba aikin Thomas ba ne, aikin Brown ne. Amma mutumin da ya ci kofi a 2004 bai manta aikinsa cikin shekara biyu ba. Ranar 22 ga Yuni 2006, shekara goma sha biyu cif bayan daren Starks, aka sallami Brown. Rigimar sauran kuɗinsa ta kai gaban shugaban gasar, David Stern, aka daidaita a kan dala miliyan 18.5.

3.5 Mai Saye Ya Zama Mai Horarwa

Dolan bai nemo wani koci daga waje ba. Ya umurci Thomas ya sauko daga ofis ya horar da 'yan wasan da ya tara da hannunsa, ya kuma faɗa a bainar jama'a cewa ya ba shi shekara guda ya nuna ci gaba, in ba haka ba ya rasa aikinsa. Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wannan mataki yana da muhimmanci a tarihin takaddamar, domin ya rufe ƙofar uzuri. A da, idan aka zargi koci sai a ce kayan ne ba su da kyau, idan aka zargi mai saye sai a ce kocin ne bai iya amfani da su ba. Yanzu mutum ɗaya ne ke riƙe da duka biyun, ga shi kuma a tsaye a bakin fili.

Tun a zaɓen 2006 aka fara yi masa ihu, lokacin da ya ɗauki Renaldo Balkman a lamba ta 20, mutumin da mafi yawan 'yan kallo ba su taɓa jin sunansa ba. Wanda aka ɗauka a lamba ta 21 shi ne Rajon Rondo, wanda ya ci kofi da Boston Celtics bayan shekara biyu. Ranar 16 ga Disamba 2006 kuma aka yi dambe a fili tsakanin Knicks da Denver Nuggets, bayan Mardy Collins ya shaƙo J.R. Smith a lokacin da Denver ta riga ta yi nisa da maki. An dakatar da Carmelo Anthony na Denver wasa 15, aka ci kowace ƙungiya tarar dala 500,000. Hotunan talabijin sun nuna Thomas yana gargaɗin Anthony jim kaɗan kafin rikicin, ko da yake hukumar gasar ba ta hukunta shi ba.

Tsarin wasan Thomas a wannan kaka shi ne a riƙa tura ƙwallo ga Curry a ƙarƙashin kwando. Curry ya riƙa cin kimanin maki 19.5 a kowane wasa, amma ba ya tsaron gida, kuma bai iya mayar da ƙwallo waje idan an taru a kansa. David Lee kuwa, wanda ke cin fiye da maki 10 yana kuma cafke ƙwallon da ta kuskure kwando fiye da sau 10 a kowane wasa, daga benci ya fi tasowa. Wannan ya zama abin ƙorafi na kullum. Duk da haka, zuwa ranar 12 ga Maris 2007 ƙungiyar tana da nasara 29 da faɗuwa 34, tana kuma cikin jerin masu shiga zagayen neman kofi. A ranar ne Dolan ya sanar cewa ya ga ci gaban da yake nema, ya tsawaita wa Thomas kwantaragi, tun kakar ba ta ƙare ba. A wasanni 19 da suka rage ƙungiyar ta ci huɗu kacal. Gaskiya ne raunin da Lee da Crawford suka ji ya taimaka wajen wannan faɗuwa, amma abin da magoya baya suka riƙe shi ne, an yi alkawarin hisabi a ƙarshen shekara, sai aka raba sakamako tun ba a gama jarrabawa ba.

Kakar 2007 zuwa 2008 ita ce ana kukan targaɗe sai ga karaya. Thomas ya kawo Zach Randolph daga Portland ya haɗa shi da Curry. Su biyun wuri ɗaya suke so su tsaya a fili, kuma babu mai tsaron gida a cikinsu, wato kuskuren Marbury da Francis aka maimaita da manyan mutane. Kafin a fara kakar, a watan Oktoba 2007, masu taimaka wa alƙali a wata kotun tarayya suka sami Thomas da laifin cin zarafin wata tsohuwar babbar jami'ar ƙungiyar, Anucha Browne Sanders, suka kuma sami kamfanin da laifin korarta saboda ta kai ƙara. An yanke diyyar dala miliyan 11.6 a kan kamfanin da Dolan, daga baya aka sasanta a kan miliyan 11.5. Thomas ya ci gaba da musanta zargin, Dolan kuma ya bar shi a kan aikinsa.

A watan Nuwamba, da Marbury ya ji cewa za a cire shi daga jerin masu fara wasa, sai ya bar ƙungiyar a Phoenix ya koma New York. Da ya dawo, jaridu sun ruwaito cewa abokan wasansa sun nuna ba su son a sa shi a wasa na gaba, amma Thomas ya sa shi. Ranar 29 ga Nuwamba 2007, a wasan da aka nuna wa ƙasa baki ɗaya a talabijin, Boston ta lallasa Knicks da maki 104 da 59. Ba don wata doguwar jifa da Nate Robinson ya yi a daƙiƙar ƙarshe ba, da ƙungiyar ta kafa tarihin mafi ƙarancin maki da ta taɓa ci tun da aka fara ƙayyade lokacin jifa.

Daga nan ihun "A kori Isiah" ya zama kamar wani ɓangare na shirin wasa. Ana yin sa lokacin gabatar da 'yan wasa, ana yin sa idan an sha kashi, wani lokaci ma har idan ana kan ci. Masu gadin zauren suka shiga karɓe kwalayen da aka rubuta wannan magana a kansu, abin da ya ƙara rura wutar. A watan Disamba wasu magoya baya suka yi zanga-zanga a ƙofar Madison Square Garden ɗauke da wata ƙatuwar takardar sallama mai ruwan hoda, irin wadda Amurkawa ke alamta kora daga aiki da ita, masu wucewa suna sa hannu. Abin mamaki shi ne, duk da wannan fushi mutane ba su daina zuwa kallo ba. Mai yiwuwa wannan na daga cikin dalilan da suka sa ihun ya daɗe bai yi tasiri ba, tun da aljihun mai ƙungiya bai ji a jikinsa ba.

A farkon watan Afrilu 2008 aka naɗa Donnie Walsh shugaban harkokin wasa, ranar 18 ga watan kuma ya sauke Thomas daga aikin koci. Kakar ta ƙare da nasara 23 da faɗuwa 59, daidai da ta Brown. Jimillar abin da Thomas ya samu a shekara biyu shi ne nasara 56 da faɗuwa 108.

3.6 Bayan Tafiyar Thomas

Da a ce koci ne kaɗai ciwon, da an warke a 2008. Mike D'Antoni, wanda ya zo daga Phoenix da salon wasa mai sauri, shi ma bai tsira ba. A wasansa na farko ya bar Marbury a benci, sai ga 'yan kallon da suka yi shekara suna zagin Marbury suna kiran a sa shi. A watan Disamba 2009 ya zaunar da Nate Robinson wasa 14 a jere, 'yan kallo suna ta kiran sunansa. Ranar 1 ga Janairu 2010 da aka sa shi a Atlanta, sai ya ci maki 41.

Daga tafiyar Van Gundy a 2001 zuwa 2020, mutum goma sha biyu ne suka riƙe aikin koci a wannan ƙungiya, har da na riƙon ƙwarya. A duk tsawon wannan lokaci sau ɗaya tak ta tsallake zagayen farko na neman kofi, wato a 2013 a ƙarƙashin Mike Woodson. Sau biyu ta ƙare kaka da nasara 17 da faɗuwa 65, a 2015 da 2019. Kociyoyin sun bambanta a salo da shekaru da gogewa, shugabannin harkokin wasa ma an sauya su, har da Phil Jackson wanda ya riƙe muƙamin daga 2014 zuwa 2017. Wanda bai sauya ba shi ne mai ƙungiyar. A hankali magoya baya suka gane haka, ihun ya tashi daga bakin fili ya koma kan kujerar Dolan. Abin da ya hanzarta wannan shi ne fitar da Charles Oakley da ƙarfi daga zauren ranar 8 ga Fabrairu 2017, mutumin da ya yi wa ƙungiyar wasa shekara goma kuma yake cikin waɗanda suka kai ta wasan ƙarshe a 1994. A watan Maris 2019 wani ɗan kallo ya ce wa Dolan ya sayar da ƙungiyar, aka hana shi sake shiga zauren.

A 2020 aka naɗa Leon Rose shugaban harkokin wasa, shi kuma ya ɗauko Tom Thibodeau, wanda ya taɓa zama mataimakin Van Gundy. Thibodeau ya dawo da tsaron gida, aka zaɓe shi gwarzon koci na 2021, ya kuma kai ƙungiyar zagayen neman kofi sau huɗu cikin shekara biyar. Amma shi ma maganar minti 240 ba ta bar shi ba. Ƙorafin da aka riƙa yi a kansa shi ne yana gajiyar da mutum biyar ɗinsa na farko, ba ya yarda da waɗanda ke benci, kusan irin abin da aka zargi Riley da shi a kan Blackman. A 2025 ƙungiyar ta ci wasa 51, ta fitar da Boston mai riƙe da kofi, ta kai wasan ƙarshe na shiyyar gabas karo na farko tun shekarar 2000, inda Indiana ta doke ta a karawa shida. Kwana uku bayan haka, ranar 3 ga Yuni 2025, aka sallami Thibodeau, a wannan karo ba tare da 'yan kallo sun cika zaure da ihun a kore shi ba. A watan Yuli aka naɗa Mike Brown a gurbinsa.